Injiniya da Katin Ɗaki na Huɗu

Babu makarantar da ta ba Injiniya wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya zaro takardar da ta maƙale a cikin injin hotokwafinsa da tsinken sakace. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo shagonsa yin kwafin shafi ɗaya sai ya sha labarin shafi goma. A faɗarsa, kwafinsa ya fi na asali kyau, har wani ma'aikacin kotu ya taɓa yaga na asalin ya adana nasa. Babu wanda ya taɓa ganin ma'aikacin kotun nan, amma duk layin an san labarinsa.

To, wata Litinin sai aka wayi gari shagon a rufe. Injiniya yana asibiti, ɗaki na huɗu, ya ɗosana a bakin kujera yana share gumi. Sati uku ke nan fitsari ya zame masa aiki: ya shiga banɗaki yana fito, ya fito yana dafa bango. Ga wani ruwa mai kama da mugunya da ke ɓata masa wando. Ya sha kafso ja da rawaya na masu tallan magani har ya gaji, abin ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa.

Sista, wata dattijuwar nas mai tabarau a kan karan hanci, ta duba takardar gwajinsa ta ce, "Ciwon sanyi ne."

"Ai na sani," in ji Injiniya. "Tun a gida na gano shi. Banɗakin gidan hayarmu ne, kin san mutane da ƙazanta."

"Ba a ɗaukar wannan a banɗaki. Ta saduwa ake samunsa."

"To ko iska ce? Ina yawan barin taga a buɗe."

"Ka yi tafiya kwanan nan?"

"Na je sayen kayan gyaran inji."

"Kayan gyaran injin kaɗai ka gani a can?"

Injiniya ya tsura wa fankar ɗakin ido kamar shi aka kira ya gyara ta. Da ƙyar ya ce akwai wata da suka gaisa a masauki, gaisuwar ta ɗan yi tsawo.

Sista ta jawo allura. Ya ce mata shi allura ba ta dame shi ba, yana yaro ma da kansa yake nuna wa likita jijiya. Da tsinin ya shiga ɗuwawunsa sai ya cafki labule, labulen ya taho da sandarsa gaba ɗaya. Ta jira ya gama tattarawa, ta ba shi ƙwayoyin da zai sha kwana bakwai saboda wata cutar da kan rako wannan. Ta ce kafson da ya yi ta haɗiya ba abin da ya yi sai koya wa ciwon taurin kai, kuma ita ta masaukin ya buga mata waya ta nemi asibiti.

Sannan ta zaro wani ɗan kati fari, ta buga masa hatimi shuɗi, ta rubuta lamba 47 a ƙasa.

"Wannan na matarka ne. Ta zo da shi a yi mata magani. Kar ka kusance ta sai kun cika kwana bakwai da gama magani ku biyun, in ba haka ba kai ka ba ta, ita ta mayar maka."

"Lafiyarta ƙalau fa, Sista."

"Mata da yawa ba sa jin komai, yana ciki yana ɓarna. In ya daɗe yana iya toshe hanyar haihuwa. Kuna da yara?"

"Muna nema. Shekara uku ke nan."

"To kar makon nan ya wuce ba ta zo ba."

Injiniya ya karɓi katin yana juya shi a hannu. Yana son matarsa, wannan ba ƙarya, kuma yana tsoronta fiye da yadda yake sonta. Malama ake kiranta, firamare take koyarwa. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Kallo ɗaya take yi wa mutum, irin wanda take yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa littafi. Ya fi son a sake yi masa allura goma da ya tsaya a gaban kallon nan da katin nan a hannu.

A hanya ya karanta katin sau uku. Ba sunansa, ba sunan ciwo. Abin da aka rubuta kawai shi ne ana roƙon mai ɗauke da wannan kati ya zo ɗaki na huɗu a duba lafiyarsa. Kafin ya isa shago tafiyarsa ta dawo daidai, har ya fara murmushi shi kaɗai.

Tela, maƙwabcin shagonsa kuma ma'ajin asirinsa, ya saurari labarin da almakashi a hannu. Da ya ji ƙarshe ya ce, "Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka gaya mata. Za ta yi fushi, ta huce."

"Ka ji irin tunaninku na masu keken ɗinki," in ji Injiniya. "Kai komai sai ka bi layin zare. Saurara ka ji aikin ƙwaƙwalwa. Zan buga kwafin katin nan guda goma sha biyu, in raba wa duk matan gidanmu, in ce asibiti ne ke duba mata kyauta. Ta shiga cikin ayari, a caka mata allura, ta dawo tana yi mini godiya."

"Sauran matan fa?"

"A duba su a ga lafiyarsu lau a sallame su. Alheri na yi musu."

"In ta shiga, nas ɗin ba za ta gaya mata dalili ba?"

"Ma'aikatan asibiti suna da lokacin hira? Caka, na gaba. Caka, na gaba."

Tela ya karɓi katin ya juya shi, ya sa yatsa a ƙasa. "Wannan lambar ta mece ce?"

"Ado ne. Kowace takardar hukuma da lambarta."

"Ni dai da za ka ji tawa, da ka rufe ta kafin ka buga."

Injiniya ya dube shi kamar ya zage shi. "In rufe? Ni in fitar da kwafin da ya rasa ɗigo ɗaya na asali? Je ka ɗinka wandonka, Tela."

Da la'asar ya tsaya a tsakar gidan hayarsu, tsakanin igiyar shanya da famfo, ya yi gyaran murya. Ya shaida wa matan gidan cewa babban likita abokin cinikinsa ne, kuma saboda mutuncinsa aka ware wa gidan nan safiyar Alhamis don duba mata kyauta. Hajiya mai gidan, wadda ta haura saba'in, ta ce a ba ta biyu, kowace gwiwa da nata. Matar Mahauci ta karɓi nata ta soke a ɗankwali. Na asalin, mai shuɗin hatimi, shi ya miƙa wa Malama da hannu biyu.

Ta karanta gaba, ta juya baya. "Ni me ke damuna?"

"Ba sai abu ya dami mutum ba. Ai ko inji ana duba shi yana aiki."

"Kai da ka koma kwana a kujera saboda ciwon baya, kai ya kamata ka je."

"Na mata ne," in ji shi da sauri. Ta jefa katin a jaka ta ci gaba da duba littattafan ɗalibanta.

Washegari yana buɗe shago ya tarar da mata huɗu daga gidan da ke kallon nasu, suna riƙe da katin da suka aro. Kwafi suke so. Ya ce adadin da likita ya ba shi ya cika. Ɗaya daga ciki ta ce ba komai, za su je shagon bakin titi, dama an ce injinsu ya fi fitar da rubutu. Kafin ta rufe baki Injiniya ya kunna inji. Ya buga musu huɗu, ya ƙara biyu kyauta don su kai bakin titin a ga aiki.

Da azahar sai ga Mahauci da kansa, katon mutum mai wuya kamar turmi, ya cika ƙofar shagon.

"Injiniya, mata kaɗai ke ciwo a garin nan?"

"Tsarin ne haka, ranka ya daɗe."

"An karanta mini katin. Cewa aka yi mai ɗauke da shi. In na ɗauka, ba ni ne mai ɗauke da shi ba?"

Injiniya ya dubi hannuwan Mahauci, ya ga hujjar tana da ƙarfi. Ya buga masa. Kafin yammacin Laraba kati ya kai gidan mai wanki, ya kai wajen masu kitso, ya tsallaka titi. Tela ya leƙo ya tambaye shi nawa ya buga. Ya ce ya daina ƙirgawa daga arba'in, amma ai gara haka, a cikin taro mai yawa ne mutum ɗaya ke ɓacewa.

Ranar Alhamis Malama ta yi shirin makaranta ta ce za ta biyo baya in ta samu sarari. Injiniya ya sa kayansa mafi kyau, ya soke biro uku a aljihun gaba, ya nufi asibiti. Tela ya rufe shago ya bi shi, ya ce wannan ba kallon da za a ba shi labari ba ne.

Barandar ɗaki na huɗu ta cika maƙil. Masu goyo, masu sanda, masu kujerar tsuguno da suka taho da ita daga gida. Injiniya ya shiga tsara layi yana daka tsawa a hankali, yana cewa a bi doka kar a kunyata shi a gaban abokinsa likita. Yana leƙa fuskoki yana neman Malama, sai idonsa ya faɗa kan wata dattijuwa a tsakiyar benci tana yi masa murmushi. Surukarsa ce.

Ya durƙusa ya gaishe ta. "Mama, lafiya kika fito?"

"Lafiya lau, ɗan albarka. Matarka ce ta aiko mini da katinta jiya, ta ce ita ba abin da ke damunta, ni da ke fama da ƙugu in zo a duba ni. Allah ya yi maka albarka da wannan hanya da ka buɗe mana."

Ta ɗaga katin. Hatimin shuɗi ne.

"Mama, kawo in canza miki da sabo. Wannan ya ɗan tsufa."

"A'a, wanda 'yata ta ba ni shi zan riƙe."

"Ko ki koma gida ki huta, in kawo miki likitan har ɗaki."

"Ga ni ga likita, in koma gida?"

Bai gama neman wata dabarar ba aka buɗe ƙofa aka ce na farko ya shigo. Hajiya mai gida ta miƙe da katinta biyu ta shiga tana ɗingishi. Tela ya duba agogo. Minti uku bai cika ba aka ji salati daga ciki, ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Hajiya ta fito da saurin da gwiwoyinta ba su yi ba cikin shekara ashirin.

"Jama'a ku zo ku ji mini. Wai mutumin da nake kwana da shi yana da ciwon sanyi. Ni. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Alhaji, ko kyanwa ba ta hau gadona ba. Na ce mata gwiwa ce ta kawo ni, ta ce wai katin nan ba a ba kowa shi sai wanda ya haɗa shimfiɗa da mai lamba arba'in da bakwai. Kuma wai me ya sa nawa biyu ne."

Kowa ya sunkuya ya dubi ƙasan katinsa. Sai masu iya karatu suka fara karanta wa marasa iyawa, lamba ɗaya tana yawo daga wannan benci zuwa wancan.

Matar Mahauci ce ta fara miƙewa. Ba ta tsaya fahimtar zancen ba, ta ji kalmar shimfiɗa kawai ta cakumi rigar mijinta. "Dama na ce wannan zuwa kasuwar ƙauye da kake yi ba shanu kaɗai kake dubawa ba."

"Ke ma ai ga katin a hannunki," in ji Mahauci. "Ke wa ya ba ki?"

"Kai wa ya ba ka?"

Sista ta fito tana cewa a yi shiru, nan asibiti ne. Ta ce duk mai kati ya ɗaga. Hannuwa sama da arba'in suka tashi. Ta cire tabarau, ta goge da gefen riga, ta mayar, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan Mahauci.

"Har da kai, bawan Allah?"

"Ni kafaɗa ce ke damuna," in ji Mahauci da ƙaramar murya.

"Wa ya raba muku wannan?"

Yatsu sama da arba'in suka nuna wuri ɗaya. Injiniya, wanda ya riga ya kai rabin hanyar ƙofar fita da baya da baya, ya tsaya ya gyara biro.

"Kuskure ne daga ofis," in ji shi. "Irin wannan yana faruwa a manyan ma'aikatu. Ni ɗan aike ne kawai."

Hajiya ta ce to a faɗa musu wane ne wannan arba'in da bakwai ɗin da aka aura musu gaba ɗaya ba shawara. Taro ya ɗauka, kowa na cewa a faɗi sunansa.

"Ba na faɗar sunan majiyyaci," in ji Sista, "ko da za ku rushe ginin nan."

Injiniya ya ji iska ta dawo masa. Ya matso gaba ya buɗe hannuwa. "Kun ji ko? Doka ce. Wani ne can marar kamun kai, Allah ya shirye shi. Mu dai mu yi masa addu'a mu watse."

Sista ta dube shi ta saman tabarau. Ta juya ga jama'a ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, kati ɗaya tak ta bayar, sauran duk na bogi ne, ba wanda ake zargi da komai. Wanda yake jin zafin fitsari ko yake ganin wani ruwa da bai saba gani ba, ya zauna a duba shi, ba abin kunya ba ne, allura ɗaya ce. Ta karɓi katin hannun Matar Mahauci ta ɗaga shi sama.

"Ku duba ma ku gani. Hatimin ya karkace, rubutun ya yi dishi-dishi. Wanda ya yi aikin nan ko bai iya ba, ko injinsa ya mutu."

Tela ya kama hannun rigar abokinsa ya ja. Ya makara.

"Dishi-dishi?" in ji Injiniya, muryarsa ta cika barandar. "Sista, ki ji tsoron Allah. Ki ɗora shi a kan na asalin da kika ba ni da hannunki ranar Litinin, in kika ga bambancin ɗigo ɗaya na rufe shago na bar sana'ar."

Tela ya saki rigar ya matsa gefe, ya shiga karanta wata takardar rigakafi da ke manne a bango.

Surukarsa ta ɗaga katinta a hankali. "Wannan mai shuɗin ne na asalin, ɗan albarka?"

Sai wuri ya kaure. Hajiya ta ce tun da ta gina gidan nan ba a taɓa yi mata ɗan haya irin wannan ba, mutum ya kwaso abinsa a masauki ya raba wa unguwa takardar gayyata. Mai kitso ta ce ita ta rufe shago ta bar kai uku a tsefe. Mahauci ya fara naɗe hannun riga, matarsa ta danna shi a benci ta ce ya zauna, tunda an zo sai an duba shi, kafaɗa ko ba kafaɗa ba. Injiniya yana ta cewa a tsaya a fahimce shi, akwai bayani na fasaha.

Bai kai ga bayanin ba ya hango Malama a bakin baranda, jaka a kafaɗa, farin alli a yatsunta. Ta zo ɗaukar mahaifiyarta ne, kuma daga tsayuwarta ya san ba yanzu ta iso ba. Ta ratsa taron, mutane suna buɗa mata hanya. Ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta zare katin daga hannunta.

"Mama, nawa ne. Ki jira ni a nan."

Ta dubi mijinta ta ce, "Biyo ni."

A cikin ɗaki na huɗu Sista ta tambaye ta ko a fitar da shi. Ta ce a bar shi, ya ji da kunnensa. Aka yi mata bayani, aka ɗauki abin gwaji, aka yi mata allura a bayan labule, ko motsi labulen bai yi ba. Da ta fito ta zauna ta ɗora hannuwa a kan jaka.

"Sista, zai hana ni haihuwa?"

"In an tare shi da wuri, yawanci ba ya barin komai. Zan duba ki sosai, kuma ki dawo in sake ganinki. Amma ina bukatar in san tsawon lokacin da ya yi a jikinki."

Malama ta juyo. "Tun yaushe?"

"To, in aka bi abin ta fuskar lissafi, akwai ranar tafiya, akwai ranar dawowa, sannan..."

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Sati uku da kwana huɗu."

Ta jinjina kai. "Sati uku kana jin zafi kana kallona. Ka iya gaya wa mutum arba'in, ni da ke ɗaki ɗaya da kai ka kasa." Ta share ido da bayan hannu, alli ya shafe mata kunci. "Fita, za a duba ni. Maganata da kai sai na ji abin da Sista ta gani."

Injiniya ya isa bakin ƙofa ya kama mariƙi. Ta cikin katakon yana jin muryar Hajiya tana tsara wanda zai fara da wanda zai bi, yana jin benci yana ƙara a ƙarƙashin Mahauci. Ya waiwayo ya dubi matarsa da idon neman alfarma.

"Buɗe mana," in ji Malama. "Ai kai ka tara su."